ROBAR KAN SHOKOZOBA: JAWABI GA DIREBOBI DA MASU GYARAN ƘAFAR MOTA

An shirya wannan jawabi ne domin direbobin motocin haya, da masu motoci, da makanikai na birnin Katsina da garuruwan kewaye. An buga shi a nan domin wanda ya samu jaridar ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha ko a gareji.

 

Maganar yau ta shafi wani ɗan ƙaramin abu ne da ke bayan mota, wanda girmansa bai kai tafin hannu ba, watau robar da ke riƙe kan shokozoba a jikin bodi. Makanikai kan ce mata shok-fad, wasu kuma su ce mawuntin. Sau da yawa mai mota yakan kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaga bayan motarsa, ya sayi sabon sifirin da sabuwar shokozoba, amma da an zo kan wannan roba sai a ce a mayar da tsohuwar, ai ba ta mutu ba. Hausawa kuwa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

DALILIN ƊAGA BAYAN MOTA

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Jibiya, ko ta Kaita zuwa Ɗankama, ko ta Mashi zuwa Daura, zai ga ƙananan motoci suna wucewa bayansu a ɗage idan ba kaya, in kuma sun yi lodi sai su dawo daidai. Wannan aikin masu gyaran ƙafa ne, kuma yana da dalili.

A da can motar da ta riƙe waɗannan hanyoyi ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. Kamfanin ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma an ci gaba da haɗa wannan mota a can har zuwa wajen 2006. Doguwar cikinsu, watau wagon, tana da sifirin huɗu a baya, biyu a kowane gefe, shi ya sa ta jure wa kaya da gargada. Da Fijo ta ja baya sai motocin Kwatano suka maye gurbinta, musamman Golf 3. Kamfanin Volkswagen ya fito da ita a Jamus a 1991, wagon ɗinta kuma a 1993. An ƙera ta ne domin mutum biyar da 'yan jakunkunansu a kan titi mai kyau. A nan kuwa sai ta zama motar kasuwa, mai ɗaukar mutane da buhunan gero da awaki a tafiya guda. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, direbobi da yawa kuma suka ƙara lodi domin su fitar da kuɗin mai da balas ɗin mai mota.

Motar da aka yi wa irin wannan lodi bayanta yakan zauna, taya ta riƙa gogar bodi, salansa ta riƙa dukan ƙasa. Sai a nufi gareji a ce a ɗaga ta. Wasu a sa musu sifirin mai kauri ko mai tsawo na wata babbar mota. Wasu a sa ƙarfe ko roba a ƙarƙashin sifirin. Masu bas ƙirar Hiace da masu akori-kura kuma a ƙara musu falle ɗaya a sifirin ɗinsu na kwance.

AIKIN KOWANE ƊAYA

Abubuwa uku ne ke aiki tare a bayan mota, kuma ya kamata direba ya bambance su.

Na farko shi ne sifirin. Shi ne ke ɗauke da nauyin mota. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, shi ne ke lanƙwashewa ya miƙe. Amma sifirin ba ya iya tsayar da kansa. Da za a bar shi shi kaɗai, da mota ta yi ta tsalle kamar ƙwallo.

Na biyu ita ce shokozoba. A cikinta akwai mai da wani ƙarfe mai hawa da sauka wanda ke da 'yan ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da mota ta motsa sama ko ƙasa, dole man ya ratsa ta waɗannan ƙofofi, wannan ne ke rage ƙarfin tsallen ya mayar da shi zafi. Shi ya sa idan aka taɓa shokozoba bayan tafiya a kan gargada za a ji ta da ɗumi. Babban amfaninta shi ne ta danne taya a ƙasa, domin tayar da ba ta taka ƙasa sosai ba ba ta jin birki.

Na uku ita ce robar da ake magana a kanta. Ita ce ke tsakanin kan shokozoba da ƙarfen bodi. A Golf 3 robar biyu ce a kowane gefe, ɗaya a ƙarƙashin ƙarfen bodi, ɗaya a samansa, da ɗan bututun ƙarfe a tsakiya, da washa da noti waɗanda ake kaiwa gare su ta cikin but. A irin wannan mota sifirin yana zagaye da shokozoba ne, saboda haka nauyin bayan mota da duk kayan da aka ɗora ta wannan wuri suke bi. A wasu motocin kuma sifirin daban, shokozoba daban, robar tana cikin zoben ƙarfe a sama da ƙasa. Kowane iri ne dai aikinta ɗaya ne: ta riƙe kan shokozoba gam, ta shanye duka, ta hana ƙarfe cin ƙarfe.

ABIN DA KE KASHE ROBAR

Roba tana tsufa ko da mota tana ajiye. Zafin Katsina na watannin Afrilu da Mayu, wanda kan kai awo 40, yana busar da ita har ta tsattsage. Baƙin mai da fetur suna sa ta kumbura ta yi laushi. Ga kuma shekaru. Golf 3 da ke kan hanya yau ta haura shekara 25 da ƙerawa, kuma akwai waɗanda ba a taɓa taɓa robarsu ba tun daga Turai.

To, idan aka zo aka sa sifirin mai tauri da sabuwar shokozoba, dukan da ke isa ga robar yakan ƙaru, domin abin da tsohon sifirin ke shanyewa da laushinsa yanzu kai tsaye yake hawa sama. Tsohuwar robar da take lallaɓawa sai ta fashe cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma matsalar tsawo. Idan aka sa dogon sifirin aka bar gajeriyar shokozoba, duk sa'ad da taya ta sauka rami shokozobar za ta miƙe har ƙarshenta, ta fizgi robar ƙasa. Idan kuwa shokozobar ta yi tsawo fiye da kima, da an yi lodi sai ta haɗe har ƙarshe, ta riƙa dukan robar daga ƙasa kamar guduma. Saboda haka wajibi ne sifirin da shokozoba su dace da juna.

Robar da ta mutu ba ta mutuwa ita kaɗai. Da farko sandar shokozoba za ta riƙa kaɗawa a cikin raminta, ta lalata abin da ke tare man ciki, man ya tsiyaye, sabuwar shokozoba ta tashi daga aiki. Sa'an nan ƙarfe ya fara cin ƙarfe, ramin bodi ya buɗe, ya tsage. Ƙarshenta kan shokozoba yana iya ɓallewa ya faso cikin but, bayan mota ya faɗi gefe guda. In hakan ta faru mota tana gudu a hanyar Kano, cike da fasinja, to sai dai abin da Allah ya kiyaye.

ALAMOMIN DA DIREBA ZAI LURA DA SU

Mota ba ta ɓoye ciwonta. Ga alamomi guda biyar:

1. Ƙarar ƙwanƙwasa daga baya, musamman a kan gargada ko wajen hawa tudun rage gudu.

2. Bayan mota yana lilo a kwana, ko yana kaɗawa idan babbar mota ta gifta.

3. Tayar baya tana cinyewa tudu da kwari, ba bai ɗaya ba. Ana jin wannan idan aka shafa ta da hannu.

4. Jikin shokozoba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne a kai.

5. Idan aka danna kusurwar mota da ƙarfi aka saki, ta yi ta rawa. Lafiyayyar mota sau ɗaya take tasowa ta zauna.

Akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe but, a ɗage murfin da ke kan notin shokozoba, mutum ɗaya ya riƙa danna motar, ɗaya ya zuba ido a kan notin. Idan notin yana hawa da sauka sosai, ko yana kaɗawa gefe da gefe, to robar ta gama aiki.

Kamfanonin da ke ƙera shokozoba, irin su Monroe da KYB, suna ba da shawarar a canza ta idan ta yi tafiyar kilomita 80,000. Wannan lissafi na titi mai kyau ne. Motar da ke zuwa Kano ta dawo kullum tana cin kilomita wajen 340 a rana, watau cikin kwanakin aiki 240 ta cika wannan adadi. Motar da ke bin hanyoyin karkara da damina kuwa ba za ta kai haka ba.

WAJEN SAYEN KAYA

Ana samun kayan ƙafa iri biyu a kasuwa, sababbi da kuma na hannu waɗanda ake kira Beljiyam, ko a shagunan cikin gari, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Ƙarfe na hannu yana iya yin kyau. Roba ta hannu kuwa ta riga ta yi shekarunta a jikin wata motar, saboda haka a nemi sabuwa. A tafi da tsohuwar domin a gwada, a kuma duba lambar da ke jikin kwali. A danna ta da farce: mai kyau tana da tauri amma tana dawowa, ba ta da tsaga, ba ta ɓarɓashi.

Akwai masu yanka robar daga tsohuwar taya. Wannan dabara tana da amfani idan mota ta lalace a daji ana neman a kai gida, amma ba abin dogaro ba ce, domin ba ta zama daidai a mazauninta kuma taurinta ba ɗaya ba ne da na asali. Araha ba ta ado.

Haka nan a sayi na gefe biyu a lokaci guda. Idan dama sabuwa ce hagu tsohuwa, mota za ta riƙa rinjaya gefe ɗaya. A haɗa da robar da ke tare shokozoba idan ta haɗe, da kuma rigar da ke rufe sandarta, domin ƙurar hunturu tana kankare sandar kamar sanfefa.

YADDA AKE CANZA TA

Wannan aikin makanike ne, amma yana da kyau mai mota ya san matakansa domin ya tsaya a yi a gabansa.

1. A ajiye mota a wuri mai tauri wanda ba gangare, a sa ta a giya, a sa waigi a tayoyin gaba.

2. A ɗaga ta da jak, sa'an nan a tokare ta da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti kuma yana iya farfashewa ba tare da gargaɗi ba.

3. A cire taya, a tallafe ƙarfen da tayoyin baya ke jikinsa da jak, domin kada ya sauka da ƙarfi ya ja tiyon birki.

4. A kwance notin sama ta cikin but. Idan sandar tana juyawa tare da notin, a riƙe kanta da ƙaramar sifana. Kada a damƙe jikin sandar mai sheƙi da filaya, domin ƙwarzane ɗaya ya isa ya sa ta fara yoyo.

5. A kwance ƙusar ƙasa a fito da shokozobar. A jera kayan a kan kwali bi da bi yadda aka cire su, domin robar sama da ta ƙasa ba iri ɗaya ba ne, kuma washa tana da fuska da baya.

6. Idan za a raba sifirin da shokozoba, a matse shi da ƙarfen da aka yi domin haka. Matsattsen sifirin yana da ƙarfin da zai karya hannu ko ya fasa ido, musamman wanda aka ƙara wa kauri. Igiya da waya ba su isa ba.

7. A wanke mazaunin robar a jikin bodi, a haska shi da tocila. Motocin da suka fito daga Turai sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma wannan wuri yana cikin inda tsatsa ke fara ci. Idan an ga tsaga ko ruɓa, a kai wa mai walda ya ƙara falle mai kauri. Kafin walda a cire shimfiɗar but, a kuma tuna tankin mai yana kusa. Sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen ƙarfe aikin banza ne.

8. Kafin a ɗaura sabuwar shokozoba a tsayar da ita a miƙe, a danna ta a saki sau uku ko huɗu domin man ciki ya daidaita.

9. A sa robar da ruwan sabulu idan ta ƙi shiga. Kada a shafa mata baƙin mai ko giris.

10. A ɗaure notin sama daidai gwargwado. Wasu yara sukan ɗaure har robar ta baje kamar waina, suna ganin hakan ne ƙarfi, alhali kuwa sun kashe ta tun ba a fita gareji ba.

11. A bar ƙusar ƙasa sakwa-sakwa, a mayar da taya, a sauke mota, sa'an nan a ɗaure ta tamau mota tana tsaye a kan ƙafafunta. Idan aka ɗaure ta mota tana sama, da an sauke sai robar ƙasa ta murɗe, ta zauna a murɗe har ta yage.

12. A zagaya da motar a saurara. Bayan mako guda a koma a sake duba notocin.

ABUBUWAN DA AKE MANTAWA

Idan aka ɗaga bayan mota, tazarar da ke tsakanin bodi da taya ta ƙaru, amma tiyon birki yana nan da tsawonsa na da. A duba shi lokacin da taya take rataye. Idan ya miƙe kamar tsirkiya, to wata rana zai tsinke.

Har ila yau, da yawa daga cikin Golf 3 da Fijo 504 suna da wani bawul a ƙarƙashinsu wanda ke auna yadda bayan mota ya zauna. Idan ya ga bayan ya sauka, sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, domin alama ce ta kaya. Motar da aka ɗaga tana ruɗa wannan bawul, ya ɗauka ba kaya alhali tana cike, sai birkin baya ya yi rauni. A nemi makaniken da ya san shi ya sake saita shi.

Fitilun gaba su ma sukan kauce. Mota ba kaya su haska ƙasa, da kaya kuma su haska idon mai tahowa. A saita su.

ƊAGA MOTA BA YA ƘARA MATA IKON ƊAUKAR KAYA

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci. Sifirin mai ƙarfi yana hana mota zaunawa, amma taya da birki da boris da ƙarfen bodi suna nan yadda kamfani ya yi su.

Kowace mota tana da ɗan allon ƙarfe ko takarda a gidan inji ko a ginshiƙin ƙofa. A motocin Turai lambar farko ta nauyi ita ce iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, ta ƙarshe kuma mai alamar 2 ita ce iyakar abin da ƙafafun baya za su ɗauka. Galibin ƙananan motoci an yi su ne su ɗauki kilo 400 zuwa 600, har da direba. Idan aka ƙaddara kowane mutum kilo 65, direba da fasinja shida sun kai kilo 455. Buhun masara ɗaya mai kilo 100 ya cike sauran.

Taya ma tana da nata rubutun. Alal misali, idan aka ga 175/70 R13 82T, lambar 82 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 475. Lamba 88 kilo 560 ce, 91 kuma kilo 615. Tayoyin baya biyu masu lamba 82 iyakarsu kilo 950, kuma nauyin motar kanta ya riga ya cinye kusan rabi. Direban da ya iya karanta waɗannan lambobi ya san inda zai tsaya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa lodi fiye da kima cikin laifuffukan da take hukuntawa. Amma tara ƙaramin abu ce idan aka gwada ta da asarar rai. Kada garin neman gira a rasa ido.

KIRA GA KOWA

Mai mota ya sa kuɗin roba cikin lissafi tun farko. Ita ce mafi araha a duk aikin, kuma canza ta lokacin da shokozoba take a kwance ba ya ƙara kuɗin aiki. In an bari sai daga baya, sai an sake kwance komai an sake biya.

Direba ya saurari motarsa, ya faɗa wa mai ita gaskiya, kada ya ƙara sautin rediyo domin ya rufe ƙarar baya.

Makanike ya nuna wa mai mota tsohuwar robar da idonsa, ya kuma koya wa yaransa bin matakai a jere. Sana'a amana ce, kuma mutanen da za su shiga motar ba su san abin da aka ɗaura ba.

Shugabannin tasha su riƙa zagaya mota kafin ta shiga layi. Fasinja kuma yana da ikon ya ƙi shiga motar da ya ga bayanta yana jan ƙasa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a sana'a, amin.